Taragon manya da hannuwan da suka ƙera shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Maraɗi, shekara talatin ke nan ina haɗa kujeru da gadajen amare. Tun da aka soma aikin layin dogo daga Kano zuwa nan a 2021, hirar masu shan shayi a bakin shagona ba ta wuce jirgin ƙasa. Ran nan wani alhaji ya ce in jirgi ya iso, shi tarago guda zai kama nasa shi kaɗai. Aka yi ta dariya. To, abin da ya faɗa da wasa, attajiran Amurka sun yi shi da gaske.

Ɗana ya nuna mini hotunan irin taragon a waya. Tarago ne guda, amma ciki akwai falo, ɗakin kwana, makewayi, kicin da kuku. Mai shi sai ya sa a maƙala shi a wutsiyar jirgin da ya nufi inda za shi. Ni dai ba labule na tsaya kallo ba, sassaƙar katakon na ƙura wa ido. Wallahi wanda ya yi aikin nan ya san bakin kurfi.

Wanda ya fi suna a sana'ar shi ne George Pullman, ya kafa kamfaninsa a Shikago a 1867. Abin da ya ba ni sha'awa, shi ma a shagon kafinta na yayansa ya taɓa aiki yana saurayi. Kamfaninsa ne ya ƙera taragon Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka a kudancin Afirka, taragon da ya ɗauko gawar Rhodes ɗin zuwa Bulawayo, a Zimbabwe ta yau, a 1902. Su ne kuma suka yi wani tarago mai suna Ferdinand Magellan a 1929, wanda aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri a 1942 don Shugaban Amurka Roosevelt, kaurin gilashin tagarsa inci uku, nauyinsa ya kusa tan 130.

Amma kafintan da ya yi arziki ya manta da kafintoci. Pullman ya gina wa ma'aikatansa gari sukutum, gidajen haya duk nasa. Da kasuwa ta faɗi sai ya zabge albashi, kuɗin haya kuwa ko kobo bai rage ba. A 1894 suka shiga yajin aiki, gwamnati ta turo soja, aka yi asarar rayuka. Da ya mutu a 1897, cikin kankare da ƙarafan dogo aka binne shi, don iyalinsa na tsoron a tono shi. Masu hidimar fasinja a taragogin Pullman kuwa baƙar fata ne, na farkonsu ƴantattun bayi, kowa "George" ake ce masa.

Roƙona ga hukuma, tun kafin jirgi ya busa a Maraɗi, a ɗebi yaranmu masu walda, kafintoci da masu ɗinkin kushin, a koya musu gyaran tarago. Kujera za ta yage, ƙofa za ta saki. Ina da almajirai huɗu a shago, biyu daga ciki hannunsu ya riga ya faɗa.

Naka,
Wani kafinta,
Sabon Gari, Maraɗi