Edita, in makamashi baya ƙarewa me yasa batir ke mutuwa?

Assalamu alaikum Edita, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah ka ɗan bani fili inyi magana akan wani darasi da ake koyawa yara a ƙarshen firamare da farkon sakandare, wato darasin makamashi, saboda yadda ake koyar dashi ya daɗe yana sosa min rai.

Ka tsayar da duk ɗan makarantar da kaga dama kace ya lissafo maka nau'o'in makamashi, zai zubo maka su tiryan-tiryan, zafi, haske, sauti, lantarki, na motsi, na sinadarai, na nukiliya, harda wanda yake ajiye a jikin abun da aka ɗaga sama. Kace masa meye dokar makamashi, zai ƙame yace ba'a ƙirƙirarsa kuma ba'a hallaka shi sai dai ya canza daga wani nau'i zuwa wani. Madalla. To yanzu tambaye shi, tunda baya ƙarewa me yasa batir ɗin waya ke mutuwa, me yasa kullum ake ce mana ayi tattalin wuta da mai? Anan zakaga ya fara sosa ƙeya. Kuma wallahi ba laifin yaron bane, hadda aka bashi hadda ya kawo.

Ni a ganina inda aka kuskure shine, littattafan nan suna kawo zagayen ruwa da zagayen kabon da na naitrojin kusa da babin makamashi, duk da zanen kibiyoyi masu bin juna suna dawowa inda suka faro, sai yaro ya ɗauka ai komai ma haka yake juyawa harda makamashin. Alhali ba haka bane. Ruwa yana zagayawa, kabon yana zagayawa, amma makamashi shigowa yake ta nan ya fice ta can baya dawowa, kuma wucewar nan tasa ita ke tura su ruwan suna juyawa. Wannan ɗan bambancin in yaro ya kama shi ya kama darasin gaba ɗaya, in bai kama ba ko ya cinye jarabawa bai san komai ba.

Da ni ne da alli a hannu, daga rana zan faro in sa yara su bi sawu. Rana tana nesa damu da wajen kilomita miliyan 150, haskenta sai yayi minti 8 da daƙiƙa kamar 20 kafin ya iso mana. A can tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, a wannan zafin da matsin ne ƙwayoyin haidrojin ke haɗewa su zama hiliyam, kuma a kowace daƙiƙa rana tana rage nauyi da wajen tan miliyan 4 wanda ke komawa haske da zafi, lissafin da Albert Einstein ya fitar tun 1905 shi ya bayyana yadda nauyi ke zama makamashi. Abunda ya iso duniya, kusan kashi 30 cikin 100 gajimare da ƙanƙara da sauransu suna mayar dashi sama nan take ko amfaninsa ba'a ci ba. Ragowar ne muke rayuwa dashi. Da tsakar rana in gari yayi garau, fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana samun wajen wat 1,000, ƙarfin da ya kusa na dutsen guga na lantarki kenan, a kan ɗan wurin da bai kai tabarma ba.

To mu bi ta ruwa. Kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne yana teku, kuma ba kowa ke tace mana shi ba sai zafin rana, shi ke ɗaga shi ya zama tururi ya bar gishirin a ƙasa. Aikin fa ba ƙarami bane, don ɗumama giram 1 na ruwa da digiri 1 jul 4.2 kawai yake ci (jul shine ma'aunin makamashi), amma mayar da wannan giram ɗin tururi sai an kashe sama da jul 2,000, shi yasa gumi ke sanyaya jiki in ya bushe, zafin jikinka ya kwasa ya tafi dashi. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na makamashin ranan da ke isowa duniya a wannan ɗaga ruwan yake tafiya. Tururin yayi kamar kwana 9 a sama, ya haɗu yayi hadari ya sauko, wanda ya sauka kan tsaunuka yana riƙe da makamashin tsayi, ya gangaro ya zama na motsi, a tare shi da madatsa a sake shi ta bututu ya juya farfela, farfelar ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗiyar wayar tagulla, sai ga lantarki, dabarar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831 kuma har gobe ita ce a cikin kowane janareto ƙarami ko babba. Lantarkin ya biyo waya ya shiga ƙwan fitila. In tsohon ƙwai ne mai zare a ciki, ko kashi 10 cikin 100 baya zama haske, sauran duk zafi ne, taɓa shi kaji. Shi kansa hasken ya bugi bango, bango ya shanye ya ɗan ɗumama, ɗumin ya shiga iska, daga ƙarshe duniya ta fitar dashi sararin samaniya a wani irin haske da ido baya gani. Ruwan kuwa ya koma teku yana jiran wani zagayen. Kaga ruwa ya dawo, makamashi bai dawo ba, gobe sai rana ta aiko da sabo.

Amsar tambayar batir kenan. Batir ɗin waya madaidaici yana riƙe da wajen jul 50,000, wanda in ka juye shi duka a ruwa lita 1 da ƙyar zai ɗaga zafinsa da digiri 12. Lokacin da wayar ta mutu ko jul ɗaya bai ɓace ba, suna nan a ɗumin tafin hannunka da iskar ɗakin da bangon da sautin ya buga. Kamar ka zubar da ruwan bokiti ne a kan yashi, ruwan na nan bai bar duniya ba, amma tara shi ka maida bokitin mu gani. Abunda muke tattali ba yawan makamashi bane, tararrensa ne, wanda yake dunƙule wuri ɗaya har zai iya aiki. Injin mota ma haka, man da aka zuba abunda ke isa tayoyi bai fi kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku ba, sauran ya bi salansa da lagireto.

Kuma ita dokar da ake sa yara haddacewa ai ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka zauna suka auna. James Joule, wani mutumin kusa da Manchester, a shekarun 1840 ya haɗa wata 'yar na'ura, tukunyar tagulla cike da ruwa da filafilai a ciki, ya ɗaura igiya da nauyi, nauyin na sauka igiya na juya filafilan suna dama ruwan, shi kuma ya zuba ido kan ma'aunin zafi. Abunda zafin ke ƙaruwa ko digiri ɗaya baya kaiwa, amma yayi ta maimaitawa har ya tabbatar duk sanda nauyi kaza ya sauko tsayi kaza, zafi kaza ne zai fito, ba ƙari ba ragi. Shi yasa ma aka sa wa ma'aunin makamashi sunansa, wato jul. Yaro zai iya jin jul ɗaya a hannunsa, ya ɗaga abu mai giram 100 sama tsawon mita 1, shikenan yayi aikin jul 1. Wat kuma jul ɗaya ne a daƙiƙa ɗaya, jikin babban mutum yana zaune ba ya komai yana fitar da wajen wat 100, shi yasa ɗaki ke ɗaukar zafi in an cika shi da jama'a. Wane malami ne zai ce bashi da kayan gwajin wannan? A sa yaro ya murza tafukansa, ko ya lanƙwasa wayar ƙarfe gaba da baya sau da yawa ya taɓa wurin lanƙwasar, ko ya saki ƙwallo yaga kowane tsalle bai kai na baya ba, sannan a tambaye shi ina ragowar ta tafi. Rashin ɗakin gwaji uzuri ne a wasu darussan, banda wannan.

Ta ɓangaren tsirrai ma akwai labarin da nake mamakin yadda ake tsallake shi. Wani likita mutumin Brussels, Jan van Helmont, ya busar da ƙasa mai nauyin wajen kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa 'yar bishiya mai kilo 2 da ɗoriya, ya rufe bakin tukunyar kar ƙura ta shiga, shekara 5 ba abunda yake bata sai ruwa. Da ya tumɓuke ta ya auna ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa da ya sake busarwa abunda ta rage bai kai giram 60 ba. An buga wannan a 1648 bayan rasuwarsa. Shi yace ai daga ruwa bishiyar ta samo jikinta, ya taɓo gaskiya amma bai kamo ta duka ba, don bai san iska na ciki ba. Sai a 1779 Jan Ingenhousz ya nuna koren ganye baya fitar da iska mai kyau sai in akwai haske. Yau mun sani ganye yana zuƙar iskar kabon, ya haɗa da ruwa, yayi amfani da hasken rana ya ƙulla sukari ya saki oksijin. Ka gaya wa yaro cewa busasshen katako mafi yawan nauyinsa daga iska ya fito kaga yadda zai zaro ido, wannan zaro idon shine ilimi ba jerin sunaye ba.

Ganyen ma ba wani abun kirki yake kamawa ba, yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa ba. Dabbar da taci ganyen kuma wajen kashi 10 cikin 100 ne ke zama a jikinta, wadda ta cinye ta ita ma ta samu kashi 10 na wancan, ƙiyasin da ake dangantawa da aikin Raymond Lindeman na 1942. Shi yasa ciyawa tafi barewa yawa, barewa tafi zaki yawa, kuma ba'a samun wata dabbar da ta dogara da cin zakuna, makamashin ya riga ya tsiyaye a hanya. Kabon ɗin dai yana dawowa iska ta numfashi da ruɓewa da ƙonewa, wani ganyen ya sake ɗauka. Naitrojin ma haka, kashi 78 cikin 100 na iska shine amma tsiro baya iya ɗaukarsa kai tsaye sai bakteriyar da ke saiwar dangin wake ko walƙiya sun sarrafa masa, wasu bakteriyar kuma su maida shi sama.

Kwal da fetur da gas fa? Hasken rana ne shima, wanda ya maƙale. Yawancin kwal dazuzzukan fadama ne da aka binne sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, fetur kuma ƙananan halittun teku ne da laka ta danne. Da muka tono muka ƙona, makamashin yayi aikinsa ya zama zafi ya wuce, amma kabon ɗin da yake shi zagayawa yake bashi da wurin zuwa sai iska da teku da tsirrai. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon tana wajen kashi 280 a cikin miliyan na iskar duniya, lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958 ta kai wajen 315, yanzu ta haura 420. Ita kuma tana tare ɗumin nan da duniya ke fitarwa sama. Yaron da ya gane wanne ke zagayawa wanne ke wucewa baya buƙatar a haddatar dashi ma'anar ɗumamar yanayi, da kansa zai ciro ta.

Kar dai wani malami yace nace komai daga rana yake. Akwai zafin cikin ƙasa da Aisland da Kenya ke samar da lantarki dashi, akwai tashi da saukar ruwan teku wanda yawanci jan wata ne ke kawo shi, akwai yuraniyam na tashoshin nukiliya. Waɗannan ukun a ware su, amma iska da ruwan madatsa da itace da sola duk rana ce. Sannan jadawalin nan mai gida biyu na wanda ake sabuntawa da wanda ba'a sabuntawa shima a rinƙa yi masa bayani, itace ana sa shi a gidan farko amma in ana sara fiye da yadda yake tsirowa ƙarewa zai yi, abun dubawa shine saurin ɗiba da saurin dawowa.

Roƙona ga masu rubuta littattafai da masu fitar da tambayoyin jarabawa, a rage “lissafo guda biyar”, a bawa yaro abu ɗaya, ashana ko keke ko fanka, ace ya bi sawun makamashinsa baya har inda ya faro sannan ya bi shi gaba har inda ya ƙare, kuma a zanen zagayen ruwa da na kabon a rinƙa sa kibiya miƙaƙƙiya da wata kala daban, ta shigo daga rana ta fice sama. Kai kuma Edita, in da hali ka ware mana ko rabin shafi ne a mako inda malaman kimiyya zasu rinƙa amsa irin tambayoyin nan na yara da Hausa, iyaye ma da yawa zasu karanta.

Nagode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.