Amsa Ga Wanda Ya Tambaye Ni Kan Mai Shari'a Habibur Rahman

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa nake yabon Mai Shari'a Muhammad Habibur Rahman na Bangladesh, alhali a cewarka alƙali ne da ya ɗare kujerar mulki ba da ƙuri'ar kowa ba, kuma ɗan bokon Oxford ne wanda kishinsa na harshen Bengali bai wuce fatar baki ba.

Zancen fatar baki ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar 21 ga Fabrairu 1952, ranar da 'yan sanda suka harbe masu neman a mai da Bengali harshen hukuma a Pakistan (lokacin Bangladesh tana cikin Pakistan), yana cikin rukunin farko da ya fito daga Jami'ar Dhaka ya karya dokar hana taro, aka kama shi. Karatun Oxford daga baya ya zo, kuma bai hana shi fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Bengali ba.

Abin da ya sosa mini rai shi ne zargin kwaɗayin mulki, domin ƙazafi ne ga mutumin da ya rasu tun Janairun 2014, ba ya da bakin kare kansa. 'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen Fabrairun 1996, ƙasa ta tsaya cik, sai majalisa ta yi wa tsarin mulki gyara na 13, wanda ya ɗora gwamnatin riƙon ƙwarya a wuyan Alƙalin Alƙalan da ya yi ritaya na baya-bayan nan. Habibur Rahman ne ya sauka daga wannan muƙami a 1995, don haka doka ce ta nemo shi ya jagoranci gwamnatin. A watan Mayu rikici ya ɓarke tsakanin Shugaba Abdur Rahman Biswas da hafsan sojoji Janar Nasim, har wasu dakaru suka doshi Dhaka. Mai son zarcewa ya sami hujjar ɗage zaɓe a nan, amma aka kaɗa ƙuri'a ranar 12 ga Yuni, ya miƙa wa Sheikh Hasina, wadda jam'iyyarta ta yi nasara, mulki ranar 23 ga watan.

Mai ilimi irinka bai jahilci wannan tarihi ba, shi ya sa nake ganin da ni kake, marigayin kawai ka raɓa. Wannan ɗabi'a ta ɓata sunan matattu domin a ƙuntata wa rayayyu ta yi yawa a muhawarorinmu, kuma ta ishe ni. Idan kana da shaidar kwana ɗaya da ya ƙara wa kansa a kan mulki, ka kawo ta a inda ka yi tambayar.

Wassalam.