Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Legas

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, kukana a kan yaranmu ne da ake kwashewa a samame a Agege, Mile 12 da Idi-Araba: masu tura baro, 'yan jari-bola, masu gyaran takalmi, wasunsu ko shekara goma sha biyar ba su kai ba.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce matuƙar akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in ba laifin da hukuncinsa kisa ne ba. To a Legas, wane caji ofis ne ya yi wa kotun majistare wannan nisan? Amma sai a kama yaro Juma'a da yamma, a ce da 'yan uwansa su dawo Litinin. Kwana uku ke nan yana bayan kanta, an tuɓe masa riga, yana tsugune gefen bokitin fitsari cikin manyan da sun haife shi. Ba ya jin Yarabanci, ba ya jin Turanci. A rubuta takarda, a ce dangwala, ya dangwala. Bango na cewa beli kyauta ne, dattawan unguwa kuwa na waje suna haɗa karo-karo.

Ƙasar nan ta ga yaran Arewa suna zubewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a Nuwamban 2024, bayan kusan wata uku a tsare. Wancan kyamara ta ɗauka. Namu na nan ba wanda ya gani.

Legas na da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, da kotun iyali, da Ofishin Lauyan Jama'a mai kare talaka kyauta. Abin da ya rage umarninka ne. Ka umarci kowane Baturen 'yan sanda ya rubuta lokacin da aka shigo da yaro, kada ya kwana biyu a sel, kada kuma a haɗa shi da manya. Kafin a ɗauki bayaninsa a samo tafinta da lauya. Idan babban majistare ya zo ziyarar wata-wata da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanada, a fara nuna masa yaran.

Na san za a ce iyayensu suna Sakkwato ko Jigawa. Ai kowace unguwar nan tana da Sarkin Hausawa da limami, kuma za su zo ko da tsakar dare ne su tsaya wa yaro, in dai an kira su.

Wassalam,
Wani mazaunin Agege