Zuwa ga Bashir, a kan tsohuwar gardamarmu ta Images and Words

Kano, daren Asabar

Mutumina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da uwargida da yara. Ya sanyin Toronto? Mu nan hunturu ya tsattsage mana leɓe muna ta ƙorafi, na san kai dariya za ka yi mana. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran hoton jaririyar.

Shekaranjiya ina kwashe tarkace a ɗakin zaure sai ga faifanmu na Dream Theater, ƙungiyar nan ta makaɗan rok ta Amurka, wanda ka rubuta sunan kundin, Images and Words, a kansa da wannan rubutun naka mai kama da tafiyar kaza. Washegari ina da hanyar Zariya, sai na jefa shi a rediyon mota. Minti 57 ne, saboda haka kafin in isa na ji shi sau biyu. To ka gyara zama, domin na sake shawara a kan waƙar da ta fi duka a kundin, kuma ba za ta yi maka daɗi ba.

Ka tuna ranar da muka fara jin Pull Me Under a ɗakinmu na makaranta? Kiɗa na tafiya sai ɗif, ya yanke. Ka ce faifan ne ya karce. Ka cire shi, ka shafa masa man goge baki, ka goge da bakin rigarka, muka sake sawa, ya sake yankewa a daidai wurin. Sai da muka yi mako muna zagin mai kwafin kafin mu gane haka suka yi ta da gangan. Har gobe ina son ta. Ita ce ta fito da su a 1992, ta kai lamba 10 a jadawalin waƙoƙin rok na Billboard. Amma ƙofar gida ce kawai, ba a nan dukiyar take ba.

Kai dai Metropolis ka riƙe, ka ce duk duniya babu kamarta. Ni ma da haka nake cewa. A wannan karon da aka shiga tsakiyarta, inda murya ke yin shiru makaɗa su ɓarke da tsere, na kama kaina ina lissafi maimakon sauraro. Ƙafa ba ta samun wurin takawa, da ka kama zaren kiɗan sai su sauya. Gwaninta kam akwai ta, musamman ɗan wurin da John Myung ke tattaɓa jitar bas da yatsun hannu biyu. Sai dai abin ya yi mini kama da samarin da suka dawo daga makarantar kiɗa ta Berklee suna so kowa ya san sun yi karatu. Muna shekara ashirin wannan ya burge mu, don mu ma nuna kai muke yi.

Wadda ta fi duka, a wurina yanzu, ita ce ta ƙarshe, Learning to Live. Amma kada ka saurare ta ita kaɗai. Ka faro daga Wait for Sleep da ke gabanta, 'yar minti biyu da rabi, fiyanon Kevin Moore da muryar James LaBrie, babu ganga babu jita. Mu da tsallake ta muke yi, wai ta masu barci ce. Ashe shuka ce aka yi. Can cikin Learning to Live, bayan an yi nisa, bayan wannan jita mai taushi irin ta Sifen, sai ga wannan karin fiyanon ya dawo, makaɗa duka suka ɗauke shi. Ina daf da Kwanar Dangora abin ya zo, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Minti 11 da rabi ne, amma ba wurin da za ka ce a yanke. A nan ma suna sarrafa kiɗa iya sarrafawa, bambancin shi ne kowane juyi yana kai ka wani wuri. Kuma abin mamaki, Myung, mutumin da ba ya magana a hira sai dole, shi ya rubuta baitocinta.

Mai rauni kuwa, ban sauya ba: Another Day. Na san John Petrucci ya rubuta ta ne saboda mahaifinsa da ke fama da ciwon daji, kuma tun da na yi jinyar Baba, Allah Ya jiƙansa, na so a ce ta taɓa ni. Na ba ta dama har sau biyu a hanya. Da zarar busan saksafon ɗin nan na Jay Beckenstein ya shigo, sai in ji kamar ina zaune a falon otal ina jiran a ba ni makullin ɗaki. Baƙin cikin gaskiya ne, amma an yi masa kwalliya har ya ɓace. Surrounded ma tana da laushi, ita kuwa ta san inda za ta tsaya, kuma idan ta buɗe a tsakiya tana buɗe wa mutum ƙirji.

Take the Time da Under a Glass Moon ba mu taɓa faɗa a kansu ba, ba kuma yau za mu fara ba. Wurin da Petrucci ke kaɗa jita shi kaɗai a ta biyun har yanzu ya fi ƙarfin bakina.

Abu ɗaya da ya tsufa a faifan shi ne sautin ƙaramar gangar Mike Portnoy. David Prater, wanda ya shirya kundin, ya maye gurbin bugun da sautin na'ura, shi ya sa ko an buga a hankali ko da ƙarfi, tas ɗaya kake ji. Shi kansa Portnoy ya sha kokawa da hakan. Kunnen da ya tashi da kalangu, inda makaɗi ke matse tsarkiya ganga ta yi magana, ba zai rasa jin wannan bushewar ba. Da muna yara mun ɗauka ƙarfi ne.

Af, ka dai ji Portnoy ya koma ƙungiyar a 2023, bayan barinta da ya yi a 2010? Idan suka biyo ta garinku ka je, tunda LaBrie ɗan jiharku ne na Ontariyo, ka zama maƙwabcinsa. Ka ɗauko mini ko da minti ɗaya a waya.

Na san kana karantawa kana girgiza kai saboda Metropolis. Kafin ka ba ni amsa, ka bari yara su yi barci, ka sa abin kunne, ka ji waƙoƙin nan biyu na ƙarshe a jere, ba tsallake. Faifan yana nan a aljihun mota, da ragowar man goge bakinka a gefensa. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Aminu