Kada Mu Auna Ikilisiya Da Lahadi Ɗaya

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, maganar da na zo da ita kuwa ta cikin gidanmu ce, mu Kirista mazauna Sakkwato. Sai dai da yawa daga cikinmu da Hausa muke sujada, da Hausa muke karatu, kuma ba mu da wani dandali da za mu tattauna a fili in ba irin naku ba. Shi ya sa nake roƙon fili. Ina kyautata zaton duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya zai gane inda na dosa.

Na daɗe ina riƙe da littafin magatakarda a wata ikilisiya a cikin garin nan. Ni ke rubuta yawan waɗanda suka zo sujada da abin da aka samu na baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hali da ke ƙara yaɗuwa a tsakaninmu, wato saurin yanke hukunci. In an yi taron farkawa majami'a ta cika har aka jera kujeru a waje, sai ka ji ana cewa Allah ya ziyarce mu, nan take a soma maganar rushe bango a faɗaɗa gini. Bayan wata biyu, in kujerun baya suka zama wayam, mutanen nan dai su ne za su ce wuta ta mutu, fasto ba shi da shafewa, wato baiwar Allah ta yin aikin, ko akwai zunubin da aka ɓoye. Na ga wannan hali ya karya zuciyar bayin Allah masu aiki tsakani da Allah, na kuma ga ya jefa ikilisiya cikin bashin da ba ta da dalilin ci.

Duk wanda ya san Sakkwato ya san su wa ke cika kujerunmu. Akwai 'yan gida da aka haifa a nan, amma kaso mai yawa aiki ne ko karatu ya kawo su: sojojin barikin Giginya, 'yan sanda, ma'aikatan jinya, ma'aikatan gwamnatin tarayya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, masu yi wa ƙasa hidima na shekara ɗaya. Wasu daga ƙasar Zuru, wasu daga kudancin Kaduna, Filato, Tangale, kudancin Borno. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya tana iya kwashe mai kiɗan mawaƙa da malamar makarantar Lahadi a mako ɗaya, domin mata da miji ne. A Jos ko Kafanchan, Kirsimeti lokacin cikar majami'a ne. A nan kuwa tun tsakiyar Disamba ake cika tasha, kowa ya nufi gida, mu da muka rage mu yi waƙar haihuwar Almasihu da 'yan muryoyinmu. Wanda bai san haka ba, in ya leƙo ranar 25 ga Disamba, zai rantse ikilisiyar nan tana gargarar mutuwa. Ya dawo ƙarshen Janairu ya nemi wurin zama.

A 2022 malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas ƙungiyar matasanmu tana tangal-tangal, kuma da kunnena na ji ana cewa yaran zamani sun juya wa Allah baya. Yaran suna ƙauyukansu ne suna noma. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, baiko ya faɗi warwas domin takardar naira ta gagari kowa. Daga 29 ga Mayun shekarar, da aka cire tallafin man fetur, magidancin da ke zaune Kwannawa ko Tamaje da 'ya'ya biyar ya soma lissafin kuɗin kabu-kabu kafin ya fito. Wasu suka koma zuwa bi da bi, uwa wannan mako, uba mako mai zuwa. Wasu suka koma majami'ar da ta fi kusa da gida, wanda ba laifi ba ne. Duk waɗannan suna nan a littafina a matsayin raguwa, amma ba ɗaya a cikinsu da ke nuna sanyin bangaskiya. Haka nan cikar da ake samu ranar bikin godiya ta kaka ko ranar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sa'ad da aka gayyato baƙi aka yi anko aka dafa abinci, ba ta isa shaidar cewa zukata sun tuba ba.

Manomin fadamar Rima ba ya ruɗewa in gulbi ya cika ya batse da damina, ba ya kuma fid da rai in ruwa ya janye, domin a ranin nan ne yake shuka albasarsa. Abubuwan da suka fi ƙarko a ikilisiyarmu, a lokacin da aka ragu aka yi su. Da mai kiɗanmu ya tafi ne wani yaro da ba a taɓa ba shi dama ba ya koya, yanzu shi ke koya wa na bayansa. A watannin da kuɗi suka yi wuya ne matan Zumunta suka soma haɗa mudun gero da na shinkafa suna kai wa gwauraye, kuma har yau ba su daina ba.

Ba zan tsallake watan Mayu na 2022 ba, domin in na tsallake shi za a ce dattijon nan daga inuwa yake magana. Ranar 12 ga watan aka kashe wata ɗaliba Kirista a garin nan bisa zargin ɓatanci. Bayan kwana biyu gari ya hargitse, aka farfasa tagogin babban cocin Katolika na Holy Family, aka kai wa wani cocin hari a Gidan Dere, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya kafa dokar hana fita ta awa 24. Bishop Matthew Hassan Kukah ya dakatar da sujada a majami'un Katolika na cikin gari. Mu ma muka zauna a ɗaka, kowa na jan 'ya'yansa kusa. Makonnin da suka biyo baya wasu suka tura iyalansu gida, akwai kuma waɗanda suka tafi ba su sake dawowa ba. Wani saurayi daga cikin mawaƙanmu ya zo ya same ni ya ce, "Baba, zamanmu a garin nan ya ƙare." Ban tsawata masa ba, domin tsoronsa gaskiya ne, kuma jinin yarinyar nan ba abin da za a ɗora a sikeli a ce wani alheri ya biya shi. Har gobe ina cewa a yi adalci a kan wannan kisa.

Abin da na ce masa shi ne: "Ɗana, kada ka yanke hukuncin shekara ashirin a cikin mako mafi muni." Na tuna masa cewa Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. Na tuna masa da maƙwabtanmu Musulmi da suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar ko muna buƙatar wani abu daga kasuwa. Na kuma tuna masa cewa ba mu kaɗai ke binne namu ba: a watan Oktoban 2021 'yan bindiga sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutanen Sabon Birni da Isa kuwa sun sha kuka har hawaye ya ƙafe, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Wanda baƙin cikinsa ya rufe masa ido har bai ga na maƙwabcinsa ba, zai ɗauka duniya duka shi ta tasa a gaba, daga nan kuma ƙiyayya ke samun ƙofa. Kafin ƙarshen 2023 aka yanke Katsina daga yankin Bishop na Sakkwato ta tsaya da ƙafarta, aka naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma na yi murna ƙwarai, domin a yankin da aka farfasa wa tagogi ne aka ga wannan girma.

Tarihinmu ma haka ya faro. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, sunan da ake kiran yankin da ya haɗa da arewacin Najeriya a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu suka mutu, Bingham ya koma shi kaɗai. Ya sake zuwa, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a karo na uku aka iya kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, kuma su ne suka yi shekaru suna jinyar masu kuturta a Amanawa, nan kusa da mu. Da ni ne magatakarda a 1894, me zan rubuta a littafi in ban da hasara?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana irin wannan ba. A Ayyukan Manzanni sura 2 an yi wa mutum wajen 3,000 baftisma rana ɗaya. A sura 6 gunaguni ya tashi a kan rabon abinci, ana cewa ana tauye gwaurayen wani ɓangare, kuma in ka duba da kyau rigimar ta harshe da asali ce, irin wadda ke tashi a zaɓen dattawanmu. Manzanni ba su ce Ruhu Mai Tsarki ya tafi ba, ba su kuma ce wa masu ƙara su yi shiru ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7 suka riƙe aikin. A sura 15 Bulus da Barnaba, abokan aikin bishara, suka yi saɓani mai zafi a kan tafiya da mataimakinsu Markus har suka rabu, amma a ƙarshen rayuwarsa Bulus ya rubuta wa almajirinsa Timoti ya zo masa da Markus ɗin nan domin yana da amfani a gare shi. Labarin da na fi so a karanta wa fastocinmu shi ne na annabi Iliya. Bayan nasarar da ya yi a kan annabawan gunki Ba'al a Dutsen Karmel, barazanar sarauniya Yezebel kaɗai ta sa ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, yana cewa shi kaɗai ya rage. Abin da aka fara ba shi abinci ne da barci. Daga baya aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Lissafinsa ne ya karkace saboda gajiya. Fastoci nawa ne a garin nan suke wa'azi cikin zafin Afrilu, albashinsu bai fito ba, haya na bin su, sannan mu zo mu ɗora musu laifin kujerun da yajin aiki ya kwashe?

Kada wani ya ɗauki maganata ya mai da ita bargon rufe ɓarna. Akwai raguwar da laifinmu ne. In an tara kuɗin gini shekara da shekaru ba a karanta rahoto ba, mutane za su janye hannu, kuma suna da gaskiya. In kujerar dattijo ta zama gadon ƙabila ɗaya, sauran za su sulale ba sallama. In yarinya ta kawo ƙarar wani babba aka ce mata ta yi haƙuri kawai, uwarta ba za ta sake taka ƙofar ba. A irin wannan wuri natsuwa tana nufin a zauna a bincika, a kira mai laifi da sunansa a gaban dattawa, a gyara. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ji rigima ɗaya ya kwashi iyalinsa zuwa sabuwar majami'ar da aka buɗe a shago, bayan shekara ya tarar can ma mutane ne, ya sake kwasa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. 'Ya'yan da ake yawo da su haka suna tashi ba su da wata tsohuwa da ta san su tun suna goye, wadda za ta ja musu kunne su ji.

Ga iyayenmu fastoci kuma ina da magana. Baba Fasto, in an cika kada ka hau mumbari ka yi shelar sabon gini da alkawuran da aka yi cikin zumuɗin taro. Rabin masu ɗaga hannu a ranar ba lalle su kai baɗi a garin nan ba. In an ragu kuma, kada ka huce a kan waɗanda suka zo. Tsohuwar da ta tako da ƙafa daga Mabera cikin rana ba ita ta cancanci faɗan waɗanda ba su zo ba.

Yanzu da ikilisiyoyi da yawa ke shirin taron ƙarshen shekara, ga roƙona ga dattawa. Kafin kowa ya buɗe baki a kan canja fasto ko faɗaɗa gini, a sa magatakarda ya karanto lissafin shekara uku a jere, wata bayan wata, tare da abin da ya faru a gari a kowane lokaci. A tsara kasafin kuɗi bisa watannin da suka fi tsauri, abin da ya ƙaru a ajiye. Kowane aiki, daga kiɗa har riƙon asusu, a sa mutum biyu su iya shi, ɗaya daga cikinsu ya kasance mazaunin dindindin. Sannan a ƙara shafi a littafin, a riƙa rubuta marasa lafiya nawa aka gaishe, gwauraye nawa aka kai wa hatsi, yara nawa aka biya wa kuɗin makaranta, da waɗanda suka saɓa aka sasanta su. A tamu ikilisiyar zan gabatar da wannan a taron da ke tafe, ina kuma roƙon 'yan'uwana magatakarda na sauran majami'u su gwada.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ba mu zaman lafiya a Sakkwato da Najeriya baki ɗaya.

Naku,
Wani magatakardan ikilisiya,
Sakkwato.