Me ya hana ma'aikatu sayen kayan da ba sa gurɓata muhalli?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan sayayyar ma'aikatun gwamnati.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatunta su riƙa sayen motoci masu amfani da gas. Madalla. Sai dai Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 ta fi karkata ga ɗan kwangilar da ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Janareta ya fi sola arha ranar saye, amma kuɗin dizal da na makaniki na shekaru masu zuwa ba sa cikin takardar da kwamiti ke dubawa. Jami'in da ya zaɓi sola shi zai sha tambayoyin masu binciken kuɗi, shi ya sa yake bin tsohuwar hanya ya huta. Masu cin abinci da kwangilar dizal kuwa, ba sai na faɗa ba.

Motar gas ɗin ma, gidajen shan gas ba su wadata a Arewa ba.

Ina kira ga BPP, hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnati, ta wajabta lissafa abin da kaya za su ci har su tsufa kafin a ba da kwangila.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya