Wasiƙa zuwa ga Babana a Legas

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kawunka ya zo ranar Juma'a ya isar mini da saƙon da ka kasa faɗa mini da bakinka. Na yi kuka, amma ban yi fushi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce kakan rantse ka bar giyar nan, ka kulle kanka a ɗaki, bayan kwana biyu ka koma.

Ka san aikin jinya na yi har na yi ritaya, to ka saurare ni. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke ta lokaci guda, jikin bore yake yi masa. Cikin 'yan awanni hannu ya kama rawa, ga gumi, ga tashin zuciya, barci ya ƙaurace. Wani har ya faɗi yana jijjiga. A kwana na biyu zuwa na uku wani yakan rikice ya riƙa ganin abin da babu, mutane su ce aljanu ne, alhali rashin giyar ce, kuma tana iya kisa. Don Allah kada ka sake kulle ɗaki kai kaɗai. Ka fara da asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba. Na san 'yan Legas da sunan wurin suke zolayar juna, rabu da su. Ka faɗa wa likita kwalba nawa, 'yar leda nawa kake sha a rana, kada ka rage ko ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Likita zai tsallakar da kai makon farko. Wahalar tana gaba, lokacin da aka tashi daga aiki, albashi ya shigo, abokai suka fara kiran waya. Ni ina Kano, kuma ban taɓa sanin wannan ƙishirwar ba. Waɗanda suka san ta su nake so ka nema.

Akwai ƙungiyar da ake kira Alcoholics Anonymous, a taƙaice AA. A 1935 ta fara a garin Akron na Amurka, da mutum biyu da giya ta ci ƙarfinsu, Bill Wilson da wani likitan tiyata, Bob Smith. Sun lura cewa in suka zauna suka gaya wa juna gaskiya, sukan iya kai dare ba su sha ba. Har yau haka zaman yake. Kujeru ne a ɗaki, wani lokaci da shayi, kowa ya faɗi sunansa na farko kawai. Ba rajista, ba kuɗin shiga, sai ɗan abin da mutum ya ga dama ya jefa don hayar ɗaki. In ba ka son magana, ka yi shiru ka saurara, ba mai matsa maka. Alkawarin yini ɗaya suke ɗauka, gobe a sake. In ka saba, ka zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama madogararka, ka karɓi lambarsa, shi za ka kira ko da tsakar dare ne kafin ƙafarka ta kai ka mashaya.

Kafin ka bar asibitin ka tambayi likita ko ma'aikacin walwala inda irin wannan zama yake kusa da unguwarku. Ka kuma bincika a wayarka, ka kira kafin ka shiga cunkoson Legas, don ana sauya wuri da lokaci. Ranar da ba hali, akwai na Zoom, wato zama ta bidiyo a waya, dare da rana, kana iya rufe kyamara. In zaman farko bai kwanta maka ba, gwada wani.

Na san abin da za ka ce: sau da yawa a ɗakin coci ake yi. Aron wuri ne kawai, ba ibada za ka je ba. In sun karanta addu'ar da ba taka ba, ka yi taka a zuci. Akwai ma irin wannan ƙungiya ta Musulmi, Millati Islami, da aka kafa a Baltimore a 1989, nemi zamansu a intanet. Kuma kada shaiɗan ya ce maka sallarka ba ta da amfani. A Bukhari, da wani ya la'anci sahabin da ake yawan kawowa saboda giya, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Wasu dangi za su ce a kai ka gidan mari. Ban yarda ba, ina raye. Kowa ya ga ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa.

Kawunka zai taso ranar Lahadi, Litinin ku tafi Yaba tare. Maganar mahaifinka ka bar mini, ni na san lokacin da zan tare shi. In kun fito daga wurin likita ka kira ni.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka